Ranar da Na Bar Bidi a Kan Ɗanyar Ciyawa

Duk shekara da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi kore, sai samarin unguwarmu masu dawakin kilisa su hau murna. Shekaranjiya ma ɗaya ya tsaya a ƙofar gidana a Unguwar Shanu, yana kan doki yana latsa waya, ya ce, "Baba Idi, ai mun huta da sayen harawa. Ciyawa ta fito, sakinsu kawai za mu yi su ci arziki." Na ce ya sauko tukuna, don ba na magana da mutum yana sama ina ƙasa. Da ya sauko na tambaye shi ko ya taɓa jin doki ya yi gyatsa. Ya yi dariya, ya ce bai lura ba. To ba zai taɓa ji ba. Doki ba ya gyatsa, ba ya amai. Duk abin da ya shiga cikinsa hanya ɗaya gare shi, ta baya, kuma ranar da hanyar nan ta tsaya, iska ta taru, dokin da ka hau da safe kana iya haƙa masa rami kafin rana ta faɗi.

Ku a ganinku aikin doki wanka ne da goge jiki da ɗaura sirdi a ɗauki hoto. Ni shekara arba'in da 'yan kai ina cin abinci a gindin doki, kuma dawakin da na ga an rufe, mafi yawansu ba yunwar rani ce ta kashe su ba, ƙoshin farkon damina ne.

Aikin farko da aka ba ni a barga kwashe kashi ne. Ina da shekara ashirin lokacin, na baro ƙauyenmu na ƙasar Zazzau na faɗa hannun wani tsoho, Baba Ɗanjuma, mai kula da dawakin wasu 'yan ƙwallon dawaki. Wata uku bai bar ni na taɓa linzami ba. Kullum da safe in na tura baro na dawo sai ya tare ni da tambaya. Na wane doki ne ya yi tauri? Na wanne ya yi ruwa? Jan dokin can sau nawa ya yi tun jiya? In na ce ban duba ba, sai ya ce in koma juji in dubo. Allah ya jiƙansa, a lokacin ba wanda na tsana kamarsa. Sai wata rana ya kamo ƙeyata ya manna kunnena a kwiɓin wata goɗiya, ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Ƙugi nake ji, Baba."

Ya ce, "To lafiya ke nan. Cikin doki ba ya yin shiru. Ranar da ka sa kunne ka ji shiru, ka aika a kira likita, ka kuma sa ido inda ƙasa ta fi laushi."

Kayan aikina ba su da yawa, kuma har yau suna cikin buhu ɗaya a bayan babur ɗina. Lauje, ragama, doguwar igiya, turken ƙarfe da gudumar kafa shi, bokiti, takunkumi, sai ƙullin kanwa. Amma wanda ya fi su duka ba ya cikin buhun, kunnen nan ne da tsohon ya manna min. Bayan shi sai babban yatsa, wanda kake ɗaga leɓen doki da shi ka dubi dasashinsa. In ja ne mai haske, ka danna ya yi fari ya dawo nan take, da sauran magana. In ya yi duhu, ka danna ya ƙi dawowa, to jini ya fara gajiya.

Shigar da doki ciyawa aiki ne na mako biyu, wani dokin ma uku. Cikin da ya yi wata shida yana niƙa busasshiyar harawa da dusa da dawa, da su ya saba. Sabuwar ciyawa kuwa ruwa ce da zaƙi, tana shiga ta fara tsami tana tada iska. Don haka ranar farko sai ka fara cika masa ciki da harawa, yadda ba zai faɗa wa ɗanyar da haɗama ba. Ka jira rana ta busar da raɓa. Sannan ka kai shi, ragama a hannunka, ya ci na minti goma sha biyar, ka janye shi yana hararar ka. Gobe ka ƙara kaɗan, jibi ka ƙara. Hatsi kuma kana rage masa, ruwa ba ya yankewa a gabansa, da 'yar kanwa. In yanko masa za ka yi, ka baza ta a inuwa ta sha iska. Kada ka bar ta cushe a buhu, domin kafin azahar za ka sa hannu ka ji ta yi zafi, kuma abin da take yi a buhun nan shi za ta je ta ƙarasa a cikinsa. Ba wani sirri a ciki, haƙuri ne kawai, kuma shi ne ba ku da shi.

Akwai wani ma'aikacin banki a Malali da ya saya wa 'ya'yansa ɗan ƙaramin doki. Gidansa akwai filin ciyawa da ake aske wa da inji, sai ya ga ai asara ce a zubar, ya sa aka tara askakkiyar aka juye wa dokin a kwami. Da aka kira ni na tarar da shi yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, gumi na ɗiga. Maigadin gidan har ya ɗauko kwalbar man gyaɗa zai ɗaga kansa ya ɗura masa. Na karɓe kwalbar. Dokin da ke fama da numfashi in ka ɗaga kansa ka ɗura, rabin man huhu zai tafi, ka kashe shi da ciwon da bai zo da shi ba. Wani maƙwabci kuma ya ce a huda cikin kamar yadda ake yi wa saniya, na ce ya je ya huda nasa. Na kwashe abincin gabansa, na sa masa takunkumi, na sa kunne na ji ƙugi can ƙasa, kaɗan kaɗan. Na yi ta zagaya gidan da shi a hankali, ba gudu, ina hana shi faɗuwa ya yi birgima, har likitar dabbobi ta iso ta yi masa allura, ta zura masa tiyo ta hanci ta ba shi mai yadda ya kamata. Can wajen la'asar dokin nan ya ɗaga wutsiya ya saki wata doguwar tusa. Wallahi mai gidan, da kwat ɗinsa da komai, sai da ya ce Alhamdulillahi da ƙarfi. A sana'armu ba sautin da ya kai wannan daɗi, ku yi dariya in kun ga dama.

Wannan ya tashi. Bari in gaya muku wanda bai tashi ba, tunda kun ɗauka wanda ya iya ba ya kuskure.

Shekara ashirin da biyu na yi ina kula da dawakin Alhaji Garba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya, mutum mai tsari, wanda ko goro zai ba ka sai ya duba wanda ba tsutsa. Yana da gida a cikin gari, yana da gona a Katabu. A da dawakinsa uku ne, amma da girma ya zo sai ya rage saura ɗaya, wani ingarma da muke kira Bidi saboda launinsa. Tare muka je muka sayo shi yana ɗan shekara uku. Doki ne mai zuciya, ba ya barin kowa ya kama ragamarsa in ba ni ko Alhaji ba. Alhaji ya daina hawa saboda gwiwa, amma kullum da yamma sai an kai masa kujera bakin barga ya zauna yana kallon Bidi na cin harawa, yana ba shi labarin abin da aka faɗa a rediyo. Duk damina muna kai shi gonar Katabu ya yi wata huɗu, ni kuma in riƙa zuwa kullum da safe a kan babur.

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya makara ƙwarai. Harawa ta ƙare a hannun masu sayarwa. Na je Rigachikun neman ta ya fi a ƙirga, in zagaya in dawo da dami biyu ko uku, wata ma ta yi baƙi sai na zauna na tsince. Dawakin gari duk sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da ruwan ya tashi zuwa sai ya zo gaba ɗaya, cikin kwana goma ciyawa ta yi tsiri ko'ina, kowa ya saki dabbarsa don ba abin ba ta a gida. A makon nan kaɗai ban san adadin gidajen da aka kira ni ba. Wasu mun ci nasara, wasu na tarar an riga an ja su. Ina ta yi wa mutane faɗa, ina cewa ba haka ake yi ba, ina kuma kafa misali da Bidi, wanda na kai Katabu nake shigar da shi ciyawa a tsanake.

Cikin wannan hali ne hawan jini ya kayar da Alhaji. Aka kwantar da shi a asibiti, kwana biyu bai san wanda ke kansa ba.

Ranar Laraba ce, kwana na biyar da fara ba Bidi ɗanya. An yi ruwa da asuba. Harawar da ta rage min ba ta kai rabin abin da ya saba ci ba, na ba shi ya share ta, ya dube ni yana neman ƙari. Ƙarfe tara da rabi na kai shi gefen gonar inda ciyawar ba ta yi kauri ba, na kafa turke, na gajarta igiya. Awa ɗaya ce rabonsa na ranar. Ina buga turken na ji ya shige ba gardama, na san ƙasa ta jiƙe, amma na ce ai ina nan tsaye a kansa.

Ban ajiye gudumar ba sai ga motar Nasiru, babban ɗan Alhaji, tana ta oda a bakin gona. Ko kashe ta bai yi ba. Ya leƙo ya ce, "Baba Idi, yi sauri! Baba ya farfaɗo, sunanka yake ta kira. Likita ya ce ba a san yadda za ta kaya ba."

Na ce, "Bari in mayar da doki ɗaki."

Ya ce, "Haba Baba Idi, mutum na kwance rai a hannun Allah kana maganar doki? Shigo mu je, da kaina zan dawo da kai yanzun nan."

Mayar da Bidi ɗaki ba zai ci minti goma ba. Amma yadda yaron ya faɗi maganar, sai na ji kunya ta rufe ni, kamar na fifita dabba a kan ubansa. Na yi lissafi a raina, zuwa rabin awa, gaisuwa minti goma, dawowa rabin awa. Na bar babur ɗina a gindin ɗorawa na shiga mota.

Na tarar da Alhaji ana yi masa ƙarin ruwa, bakinsa ya ɗan karkace, amma idonsa sarai. Hajiya Rabi matarsa na gefe, da yayarsa da kowa ke kira Gwaggo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannunsa mai lafiyar ya kama wuyan hannuna, ya ce a hankali, "Idi, ya Bidi?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

A nan na kashe dokin nan. Ba a gona ba, a nan. Abin da ya kamata in ce gajere ne, yana kan ciyawa, ka sallame ni in je in dawo. Amma a gidanmu ba a koya mana haka ba. Babba mara lafiya ya tambaye ka, lafiya lau kake cewa, kuma ba ka tashi sai ya sallame ka.

Alhaji ya hau ba ni labarin ranar da muka sayo Bidi, yadda ya ƙi shiga mota, yadda ya yaga wa dillali riga. Maganar na fita da ƙyar, yana yi yana hutawa, hawaye na bin gefen idonsa. Hajiya ta ce tun da ya farka bai yi magana mai tsawon wannan ba, don Allah in ƙara zama. Ina amsawa ina duban taga, ina ganin rana na hawa. Na waiga ban ga Nasiru ba, aka ce ya tafi neman wani magani da ba a samu a kusa ba. Can barci ya ɗauke Alhaji, hannunsa na riƙe da nawa. Na gwada zarewa a hankali, sai ya ƙara damƙewa. Gwaggo ta ce, "Bar shi, Idi, kada ka tashe shi. Albarka ce kake kwasa."

Za ku ce me ya hana ni buga waya. Wa zan buga wa? Malam Tanko mai noma gonar ya tafi sayen taki tun safe, kuma ko yana nan, Bidi ba zai bari ya matso ba. 'Yan dubiya suka yi ta shigowa, kowa ya ganni sai ya ce, kai, Idi ɗan amana ne. Hajiya ta zubo abinci ta ce ba na fita ban ci ba. Sai da aka kira azahar Alhaji ya saki hannuna da kansa cikin barci. Na yi salla a tsaitsaye, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Kawo, na jira bas ta cika. Ƙarfe uku ta wuce kafin na sa ƙafa a gonar.

Turken ba ya nan. Ramin kawai na gani, da sawun igiya a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya miƙe har fadamar da ke ƙasan gonar, inda ruwa ke wanko taki, ciyawar wurin ta kai gwiwa, kore shar. A can na same shi tsaye ya wara ƙafafu, kansa a ƙasa. Bayansa duk laka, wato ya riga ya yi birgima ba sau ɗaya ba. Cikin ya taso ta gefe biyu, na ƙwanƙwasa da yatsa ya amsa kamar ganga. Da ya ji muryata ya ɗago ya yi wata 'yar haniniya, sannan ya juya ya dubi kwiɓinsa, kamar yana nuna min wurin. Na manna kunne ta dama, na zagaya ta hagu, na sake dawowa ta dama. Shiru. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi duhu. Na san abin da na ji da abin da na gani, amma duk da haka na kira likitar dabbobin nan.

Kafin ta iso na fito da shi daga fadamar, ina jan sa taku ɗaya ɗaya, ina yi masa magana. Duk taku goma sai ya nemi durƙushewa, in sa kafaɗa in tokare shi. Malam Tanko ya dawo ya tarar da mu a haka, ya ajiye buhun taki ya kama salati. Likitar ta zo bayan la'asar. Mun yi aiki tare shekaru, ba ta ɓoye min komai. Ta yi masa allurar rage zafi, ta zura tiyo, wani ruwa mai wari ya yi ta zubowa ta ciki. Ta sa hannu ta baya ta laluba, ta daɗe, sannan ta cire safar ta ce, "Malam Idi, hanjin ya murɗe. Wannan sai tiyata, kuma ko da akwai inda za a yi, ba zai kai ba. Tun yaushe yake kan ciyawar?"

Na gaya mata. Ta dube ni, ta juya tana haɗa kayanta. Da ma ta zage ni.

Ta ce akwai allurar da za ta hutar da shi, amma sai mai shi ya yarda. Na kira Nasiru, ya ce don girman Allah kada maganar ta kai kunnen Baba, zai yi shawara da Hajiya ya kira ni. Bai kai ga kira ba. Rana ta yi ja, Bidi ya durƙusa, wannan karon kafaɗata ba ta iya ba. Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata, ina kore masa ƙuda. Ya yi ta shure-shure, sannan ya daina. Ana kiran magariba a masallacin bakin titi na zare masa ragama. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar Tanko ba, ban ji ta likita ba. Washegari da safe muka tara mutum shida muka haƙa masa a gindin ɗorawar nan da na jingine babur.

A safiyar nan ce kuma Alhaji ya tashi zaune da kansa ya ce a ba shi koko.

Kun san abin da mutanenmu ke faɗa, wai doki a gida garkuwa ne, in masifa ta nufo mai gida sai ta sauka a kan dokin. Da labari ya kai wa Gwaggo a barandar asibiti, sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allahu Akbar! Doki ya yi aikinsa. Abin da ya zo ɗaukar Garba shi ya ɗauka." Kafin yamma maganar ta zagaye dangi. Ba wanda ya tambaye ni me dokin ya ci, ko a ina na bar shi. Nasiru ya ja ni gefe, bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Baba Idi, a bar shi a haka. Ya fi mana sauƙi gaba ɗaya." Gwaggo ta aiko min da shadda yadi biyar, wai tukwicin riƙon amana. Na karɓa. Mako uku duk inda na bi ana ce min, sannu Idi, Allah ya fanshi mai gida da doki, ni kuma ina cewa amin. Ni da na yi ta yi wa mutane faɗa a kan ciyawa, na sami inda zan ɓuya na ɓuya.

Sai da aka sallamo Alhaji ya ɗan yi ƙwari sannan aka gaya masa. Aka ce abin da ya faɗa kawai shi ne a kai shi Katabu. Da hantsi suka zo. Na ajiye masa kujerar roba a gindin ɗorawa. Tudun ƙasar har ya fara fitar da ciyawa. Ya ce wa Nasiru ya koma mota ya jira, sannan ya nuna min ƙasa kusa da shi na zauna.

Ya ce, "Idi, na ji abin da Yaya ke faɗa. Ni ban yarda dabba na ɗaukar ajalin mutum ba, kowa da nasa ya zo. Kai ka sa masa kunne. Me ya kashe shi?"

Da na ce Allah ne ya yi, da ya karɓa, don ba ƙarya ba ce. Amma mutumin nan bai taɓa yi min ƙarya ba. Na ce, "Ciyawa ce, ranka ya daɗe. Ni na bar shi a kai." Na gaya masa komai, harawar da ba ta isa ba, turken, laushin ƙasar, fadamar. Sunan Nasiru kawai na tsallake.

Ya ce, "Wace rana?"

Na ce, "Ranar da ka farka."

Ya juya yana duban tudun. Can ya ce, "Na tambaye ka ya Bidi."

"Ka tambaya."

"Ka ce lafiya lau."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na ga kana ta duban taga. Na zaci warin asibiti ne ya dame ka." Ya ɗago hannun nan nasa mai lafiya ya juya shi yana kallo. "Shekara ashirin da biyu, Idi. Ashe har yanzu ba ka san ni ba. Da ka ce min yana kan ciyawa, da hannun nan da na riƙe ka da shi zan tura ka waje."

Ya kira Nasiru ya kama shi suka tafi. Da ya kore ni ko ya ɗaga murya, da na fi samun sauƙi.

Shi ya sa yaron nan na shekaranjiya ban bar shi ya tafi ba sai da na sa ya manna kunnensa a kwiɓin dokinsa, ya ji ƙugin da kansa. Na gaya masa harawa tukuna, raɓa ta bushe, minti goma sha biyar, mako biyu. Wannan duk mai sauƙi ne, ko a waya za ku gani. Abin da ba za ku gani a waya ba shi ne, in dokinka na kan ɗanyar ciyawa, ko wane ne ya kira ka, surukinka ne ko malaminka ko mai gidanka, ka mayar da shi ɗaki tukuna. In kuwa ka riga ka fito, ka buɗe baki ka faɗa. Shaddar Gwaggo tana nan a ƙasan akwatina, ban kai ta wurin tela ba.

Alhaji bai sake sayen doki ba. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk Juma'a bayan an sauko ina zuwa gaishe shi. Bai taɓa tada maganar ba, bai kuma rage min komai na mutunci ba. Abu ɗaya ne ya canja. Da na zauna mun gaisa, kafin ruwan da aka kawo min ya kai rabi, sai ya dube ni ya ce, "Tashi ka tafi, Idi, kana da dabbobi." Ko ranar da ba ni da doki ko ɗaya a hannuna haka yake cewa, ni kuma sai in tashi.